Gajiyar da barci ba ya maganinta

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani abu da na zauna da shi a ɗakina wata 16, wanda ban taɓa ganin an ba shi ko rabin shafi ba. Duk sanda aka taɓo ciwon daji na ƙwaƙwalwa, magana kan tsaya a kan tiyata, da na'urar gashi mai ƙona ƙari da haske, da sabon maganin da aka gano, da yawan watannin da mutum zai yi. Ba a cika tambayar yadda watannin nan suke a jikin mai su ba. Maigidana, Allah ya jiƙansa, malamin lissafi ne a makarantar sakandare, kuma yana karanta jaridar nan tun kafin aurenmu. Ba ya ajiye ta sai ya kai shafin ƙarshe, har sanarwar da ba ruwansa da ita sai ya bi. A watanninsa na ƙarshe kuwa, sharhi guda mai rabin shafi yakan kwana uku a gefen gadonsa bai gama ba. Idonsa yana gani, hankalinsa yana jikinsa. Gajiya ce ta hana shi, kuma a kanta nake son yin magana.

Yana da shekara 54 abin ya fara. Da farko kalmomi ne suka riƙa kuɓuce masa. Ya dawo gida wata rana ya ce mini ya tsaya gaban allo da alli a hannu, kalmar “kusurwa” ta ɓace masa ɓat, alhali ya shekara kusan talatin yana faɗarta. Sai ciwon kai da asuba. Sai rannan ya yanke jiki ya faɗi yana jijjiga. Hoton ƙwaƙwalwa da ake kira MRI ya nuna ƙari a ɓangaren hagu, kusa da inda magana take. Aka yi tiyata, aka kai abin da aka ciro ɗakin gwaji, sakamako ya dawo da suna mai nauyin faɗa, giliyobilastoma. Shi ne ya fi yawa a cikin miyagun ƙarin da ke tasowa daga ƙwaƙwalwar manya, kuma a jerin Hukumar Lafiya ta Duniya yana mataki na 4, wanda babu na sama da shi. Likitan tiyata ya yi mana bayani ba ɓoye-ɓoye. Ya ce ƙarin nan ba dunƙule yake wuri guda ba, saiwa yake bazawa cikin lafiyayyen nama kamar ciyawa a ƙasa, wuƙa ba ta iya bin kowace saiwa ba tare da ta taɓa magana ko tafiyar mutum ba.

Maganin da aka ɗora shi a kai shi ne wanda duniya ke bi tun 2005, lokacin da likita Roger Stupp da abokan aikinsa na Turai da Kanada suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi da marasa lafiya 573. Gashi sau 30 cikin mako 6, Litinin zuwa Juma'a, tare da ƙwayar temozolomid kullum har ranakun hutu. Bayan ɗan hutu kuma a koma shan ƙwayar kwana 5 a cikin kowane kwana 28, har zagaye 6. A gwajin nan, rabin waɗanda aka haɗa wa biyun sun wuce wata 14.6, waɗanda aka yi wa gashi kaɗai kuma wata 12.1. Ni da na ji lambar sai jikina ya yi sanyi. Shi kuwa, da yake sana'arsa ce, sai ya ce mini, “Lambar tsakiya ce wannan. Rabi suna gabanta, rabi suna bayanta, ba ta san sunan kowa ba.” Haka muka shiga.

An gaya mana gashin kansa zai zube inda hasken ya bi, ya kuwa zube. An gaya mana zai iya jin tashin zuciya, aka ba mu magani. An ce a riƙa auna jini kowane mako saboda ƙwayar tana rage ƙwayoyin garkuwar jiki da waɗanda ke sa jini ya daskare. Maganar gajiya kuwa a taƙaice aka yi ta, “zai ɗan riƙa jin kasala”. Kalmar “ɗan” ɗin nan har yau tana tsaya mini a rai.

Mako biyun farko da ƙafarsa yake shiga ɗakin gashi. Akwai wata fuska ta roba mai raga da aka gasa ta da ruwan zafi aka manna a fuskarsa har ta ɗauki siffarsa, ita ake ɗaure masa a gadon na'ura don kada kai ya motsa. Minti goma sha, an gama. Yakan fito ya ce bai ji komai ba. Daga mako na uku sai na ga yana neman abin dafawa. A mako na biyar, wanka kaɗai yakan cinye masa safiya. Na taɓa tsayawa a bakin ƙofa ina kallonsa yana sa riga. Ya ɓalla maɓalli biyu, ya sauke hannuwansa a cinya, ya zauna yana kallon bango kamar wanda ya sauke buhu. Ya jima haka kafin ya ɗaga hannu ya nemi na uku. Rigar maɓalli shida ne. Muka ɗauka in an gama gashi zai warware. Sai abin ya ƙaru. Wajen mako biyar da gamawa ya shiga wani irin barci, dare da rana, a tashe shi ya buɗe ido ya amsa, ya koma. Daga baya ne muka ji cewa likitoci sun san wannan barcin, yakan biyo bayan gasa ƙwaƙwalwa da 'yan makonni, kuma yawanci yakan wuce da kansa. Da an faɗa mana tun farko, da ban kwana ina sa hannu a hancinsa ba.

A nan zan faɗi laifina, domin na san akwai mata da 'ya'ya da yawa da suke kan aikata shi yanzu haka da kyakkyawar niyya. Na ɗauka ya sare ne. Na ɗauka ya ji sunan ciwon ya miƙa wuya. Nakan ce masa, “Malam, ka daure mana. Ka tashi ka ɗan taka. Kwanciyar nan ita ke ƙara kashe maka jiki.” Na sa yayansa ya zo ya yi masa faɗa. Na riƙa ba shi labarin wane da wane da suka yi jinya suka miƙe. Yana jina, ba ya tanka mini. Sai wata rana da yamma, bayan na gama, ya ce, “Ina so. Wallahi ina so. Jikin ne ba ya amsawa. Kin san in kin yi aiki kin gaji, kin kwanta kin tashi garau? Ni ina tashi ne a inda na kwanta.” Na fita tsakar gida na yi kuka, don a ranar na gane cewa na shafe makonni ina tuhumar mara lafiya da ciwonsa.

Harshenmu ma yana da hannu a ciki. In aka ce wa mara lafiya “ya jiki?”, amsa ɗaya ce, “da sauƙi”. Ko yana jin kamar an ɗora masa dutse, da sauƙi zai ce. Haka yake ce wa masu dubiya, haka yake ce wa likita. Likita kuma yana da layi a bakin ƙofa, tambayoyinsa a jere suke: ciwon kai, amai, jijjiga, hannu da ƙafa suna motsi? A duba hoto, a duba jini, a ba da ranar dawowa. Ba na zarginsu da mugunta, na ga yadda suke aiki ba hutu. Amma mun yi zuwa ya fi goma ba wanda ya tambayi abin da ya fi komai damun mutumin da ke zaune gabansu. Kalmar “gajiya” ita ma ta yi wa abin kaɗan. Da ita muke kiran abin da mai dawowa daga aiki yake ji, shi ya sa in mara lafiya ya furta ta sai a ce masa ya huta, a wuce.

Wata nas ce ta buɗe mana ido, Allah ya saka mata da alheri. Tana cire masa allurar ɗibar jini sai ta ce, “Baba, in 0 na nufin babu gajiya, 10 kuma gajiyar da ba ka taɓa jin irinta ba, a makon nan kana nawa?” Ka tambayi malamin lissafi da lamba, ai ka zo gidansa. Bai ce da sauƙi ba. Ya ce 8. Ta ajiye abin hannunta ta rubuta, ta ce daga 1 zuwa 3 mai sauƙi ce, 4 zuwa 6 matsakaiciya, 7 zuwa sama mai tsanani, kuma mai tsanani dole a binciki dalilinta kamar yadda ake binciken zazzaɓi. A ranar na fara jin cewa gajiyar mai ciwon daji abu ne da ke da suna a littafin likitoci: gajiya ce mai naci, ta jiki da ta tunani da ta zuciya, wadda ba ta yi daidai da aikin da mutum ya yi ba, kuma hutu ba ya kore ta.

Da aka zauna aka bincika, sai ga shi ba abu guda ba ne. Akwai kason ƙarin da kansa, akwai na tiyata da gashi da ƙwaya, waɗannan ba yadda za a yi da su. Amma akwai waɗanda ake iya taɓawa, kuma su ne suka ba ni haushin watannin da muka ɓata.

Na farko deksametason, maganin da ake ba su don rage kumburin ƙwaƙwalwa. Magani ne mai ban mamaki, cikin kwana biyu ya dawo masa da magana bayan ta soma sarƙewa. Amma yana da kuɗin da yake karɓa. Yana hana barci, mu kuma muna ba shi kashi na biyu da daddare. Yana ɗaga sukari a jini, ashe abin da ke sa shi ƙishirwa da tashi fitsari sau biyar a dare ke nan. In an daɗe ana sha yana cinye naman cinya da na kafaɗa, ashe shi ya sa ba ya iya miƙewa daga kujera sai ya dafa da hannu biyu, fuska kuwa ta cika ta yi fam, masu zuwa suna cewa ya yi ƙiba, jiki ya yi kyau. Likita ya mai da shan maganin da safe, ya riƙa rage shi sannu a hankali, aka kuma kula da sukarin. Ina jaddada sannu a hankali, domin yanke wannan magani lokaci guda hatsari ne babba, kada wanda ya karanta wasiƙar nan ya taɓa shi ba da likita ba. Na biyu maganin farfaɗiya, lebetirasetam, wanda aka fi sani da Keppra. Yana sa barci, a wasu kuma yana sa saurin fushi. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa 'yarmu murya ba ya daka mata tsawa a kan ta ajiye kofi da ƙarfi, ya koma yana ba ta haƙuri da hawaye. Shi ma aka daidaita shi. An auna jininsa an ga ya ɗan yi ƙasa. An duba gishirin jini da ƙululun wuya da ake kira tayirod, don su ma in suka karkace suna kawo mutuwar jiki. An kuma yi masa tambayoyi a kan ciwon damuwa, wanda yake yawan zuwa tare da wannan cuta. Bambancin da aka nuna mini ya zauna mini daram: mai ciwon damuwa sha'awar abin ce ke fita daga ransa, mai gajiya kuwa sha'awar tana nan, ƙarfin ne babu. Sau da yawa kuma mutum ɗaya yana ɗauke da biyun.

Cikin mako uku ya sauko daga 8 zuwa 5. Wanda bai yi jinya ba zai ga maki uku ba komai ba ne. A gidanmu maki ukun nan su ne tazarar da ke tsakanin a kai masa abinci gado da ya fito ya zauna cikinmu ya ci.

Na tambaya ko akwai ƙwayar da za a ba shi ta farfaɗo da shi. Aka ce an gwada magungunan wartsakarwa irin su metilfenidet da modafinil a kan masu ƙarin ƙwaƙwalwa, ba a ga sun fi ƙwayar da babu magani a cikinta a fili ba. Ƙungiyar Cochrane da ke tace sakamakon bincike ta duba batun a 2016 ta ga hujjar da ke ƙasa ba ta isa a ce ga magani ba. Abin da ya fi samun goyon baya a gajiyar ciwon daji gaba ɗaya shi ne motsa jiki daidai ƙarfi. Za ka ce ai abin da nake ce masa ke nan tun farko. A'a, ba ɗaya ba ne. Ni ina tura shi ne ya koma mutumin da na sani. Likitan motsa jiki kuwa ya fara ne daga inda yake. Minti biyar daga ƙofar ɗaki zuwa ƙofar gida, da mutum a gefensa saboda jiri da jijjiga. Tashi da zama daga kujera sau biyar don cinyoyin nan. In gobe ya wayi gari ya fi jiya gajiya, to an zarce, a rage. Barcin rana kada ya wuce awa guda don kada ya cinye na dare.

Sauran aikin shi ya yi da kansa. Ya sa na ɗauko masa wani tsohon littafin maki na ɗalibai da ya rage shafuka. Inda ake rubuta sunayen yara ya rubuta ranaku, a sama ya jera awoyi, kowace awa biyu yana ba gajiyarsa maki da jan biro. Bayan kwana goma ya kira ni ya nuna mini. Daga ƙarfe 9 zuwa 11 da rabi na safe lambobin ƙanana ne, 3 da 4. Daga azahar sai su hau. Ya sa yatsa a kan layin safiyar ya ce, “Wannan ne albashina yanzu. Awa biyu da rabi. Ba na son a kashe mini shi a wanka.” Sai muka juya ranar gaba ɗaya. Wanka ya koma dare, a zaune a kan kujera. Riguna masu maɓalli na ninke na ajiye, muka koma masu zurawa ta kai. Safiyar kuma ya ba autanmu, wanda ke shirin jarrabawar gama sakandare. Su zauna a tebur, yaron yana warware tambaya da ƙarfi, uban yana saurare ido a lumshe, in an kauce sai ya ɗaga yatsa. Wani lokaci kalmar takan ɓace masa, sai ya karɓi biro ya zana abin. Lambobi ba su guje shi ba kamar yadda kalmomi suka yi.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne masu zuwa dubiya, kuma ina neman afuwar duk wanda na ɓata wa. Mutane ne masu ƙaunarsa, wasu daga nesa. Amma ƙwaƙwalwar da aka yanka aka gasa tana wahala wajen abin da da take yi ba tare da ta sani ba. Mutum shida a ɗaki, biyu suna magana lokaci guda, waya tana ƙara, shi kuma yana ƙoƙarin gane fuska, ya tuno suna, ya nemo kalmar amsawa, ya yi murmushi don kada a ce jikin ya yi tsanani. Rabin awa na wannan yakan kwantar da shi har washegari, fiye da tafiyar ƙofar gida sau uku. Na koma tsayawa a bakin ƙofa ina cewa mutum biyu-biyu, minti goma sha biyar, kuma ban da safe. An ce na kankane shi. An ce na raba shi da danginsa. Na ji zafi, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda suka fi yi masa amfani su ne irin wani tsohon abokin aikinsa da yakan zo ya zauna shiru, ya karanta masa jaridar nan a hankali, in ya ga ido ya rufe ya ninke ya tafi ba sallama.

Ina so in ƙara da gargaɗi, kada maganata ta sa wani ya yi sakaci. Ba kowane barci ne gajiya ba. In barcin ya zo farat ɗaya, ko da ciwon kai mai ƙaruwa, ko amai, ko ruɗewa, ko zazzaɓi, ko wani ɓangaren jiki ya saki, ko ƙafa ɗaya ta kumbura, ko numfashi ya yi wuya, wannan na asibiti ne a take. Kumburin ƙwaƙwalwa, da shigar ƙwayar cuta a jikin da garkuwarsa ta yi ƙasa, da daskarewar jini a jijiya, duk suna yawan samun masu wannan ciwo.

Likitoci suna da ma'auni da suke kira na Karnofsky, tun wajen 1948 ake amfani da shi, daga 100 zuwa 0. Mai 70 shi ne wanda ke kula da kansa amma ba ya iya aiki. Ma'auni ne mai amfani, sai dai likita ne ke ba da makin da idonsa. Akwai kuma takardar tambayoyi 30 da ƙungiyar binciken ciwon daji ta Turai ta fitar a 1993, wadda mara lafiya ke cikewa da kansa, har da tambaya ko ya ji gajiya, ko ya buƙaci hutu, ko ya iya mai da hankali wajen karanta jarida. Da na ga wannan tambayar ta ƙarshe sai da na ajiye takardar. Ashe tun tuni wasu sun san cewa karanta jarida ma'aunin rayuwa ne. Abin da nake roƙo shi ne irin waɗannan tambayoyi su fito daga ɗakin bincike su shiga ɗakin ganin likita. An sha nuna mana hoto a ce ƙari bai motsa ba, mu yi hamdala, mu koma gida da mutumin da ba ya iya riƙe cokali har ya gama cin abinci. Hoton gaskiya ya faɗa, amma rabin labarin ne.

Mun makara wajen haɗuwa da masu kula da sauƙaƙa wa mara lafiya raɗaɗi, saboda na ɗauka kiransu yana nufin an sallama. Kuskure ne. A 2010 likita Jennifer Temel da abokan aikinta a Boston ta Amurka sun gwada haɗa masu ciwon daji na huhu da ya bazu da irin wannan kulawa tun daga farkon jinya, tare da maganinsu na yau da kullum. Sun fi jin daɗin rayuwa, ciwon damuwa ya ragu a cikinsu, kuma lambar tsakiyar rayuwarsu ta kai wata 11.6 a kan 8.9. Ciwon huhu ne ba na ƙwaƙwalwa ba, amma darasin a fili yake. Tun 1967 Cicely Saunders ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a kan fahimtar cewa zafin mara lafiya ya haɗa jiki da zuciya da iyali da ruhi, kuma a 2014 Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar cewa irin wannan kulawa ta zama ɓangare na tsarin lafiyar kowace ƙasa. Mu sai a wata na goma sha ɗaya muka same ta.

A lokacin ƙarin ya dawo, kamar yadda yake dawowa a kusan kowa. Aka kawo shawarar wani maganin. Ni da 'ya'ya muna cewa a yi, a yi duk abin da za a yi. Shi kuwa tambaya ɗaya ya yi wa likita: “Safiyata nawa zai ci, nawa zai ba ni?” Likitan, Allah ya yi masa albarka, bai yi masa alkawarin ƙarya ba. Ya gwada zagaye ɗaya, ya kwanta mako uku bai zauna a teburin nan ba ko sau ɗaya, ya ce ya isa. Ba ina cewa kowa ya yi haka ba ne. Wani zai zaɓi ya ci gaba har ƙarshe, kuma haƙƙinsa ne. Abin da nake cewa shi ne a tambayi mai jikin tun yana iya amsawa, domin wannan ciwo yana cin magana da tunani, ranar da za a so jin ra'ayinsa ta yiwu ba ya iya faɗa.

Awa biyu da rabin nan ta koma awa guda, ta koma minti ashirin. Nas ɗin da ke zuwa gida ta zaunar da ni ta gaya mini abin da ke tafe: barci zai yi ta ƙaruwa, ci zai ragu, haɗiya za ta yi wuya, kuma a yawancinsu haka ƙarshen yake zuwa, cikin barci. Ta ce kada in yi masa ɗure, in riƙa jiƙa masa leɓe, in ci gaba da yi masa magana. Ta kuma dube ni ta ce, “Ke fa, Hajiya, daga 0 zuwa 10 kina nawa?” Ban iya ba ta amsa ba. Wata goma sha ban yi barcin awa huɗu a jere ba, kuma ba wanda ya tambaya, ni ma ban tambayi kaina ba. A daren ƙanwata ta karɓe ni na kwanta.

Malam Edita, roƙona gare ka shi ne shafinku na lafiya ya gayyato likitan ciwon daji da nas da likitan motsa jiki su yi wa mutane bayanin wannan gajiya da Hausa, dalla-dalla, yadda mai jinya zai yanke shafin ya tafi da shi asibiti. Roƙona ga likitoci kuma, in mara lafiya ya ce da sauƙi, a ƙara masa tambaya ɗaya, a ba shi lamba ya zaɓa, a rubuta a katinsa kusa da awon jini.

Littafin makin yana nan a wurina. Shafin ƙarshe da ya cike da hannunsa rubutun ya karkace, 9 ce a layin ƙarfe tara na safe. A gefe ya rubuta lambar tambayar da suka tsaya a kai shi da yaron, ta 14, ya ja mata layi don su ci gaba washegari. Yaron ya warware ta shi kaɗai bayan kwana biyu, a bakin gadon, da ƙarfi yadda suka saba.

Na gode da wannan fili.

Taku,
Matar wani malamin lissafi